Gaɓoɓin Jarida da Sunayensu: Gadon da Gaskiya Ta Fi Kwabo Ta Bar Mana



Kwanakin baya wani saƙo ya zaga wayoyin jama'a cewa wani dattijo a unguwarmu ya riga mu gidan gaskiya. Kafin azahar mutane sun fara hawa mota daga wasu garuruwa don su samu jana'iza, mata sun ɗora tukwane, har wani ɗansa da ke ci-rani ya yanki tikiti. Da muka isa gidan sai muka tarar da bawan Allah zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Muka bi diddigin saƙon, kowa ya ce shi ma turo masa aka yi. Har yau ba a san wanda ya fara rubuta shi ba. Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren dattawa, a hannunmu irin wannan ɓarna take faɗowa, domin mu ne za mu zauna mu rubuta wa mutane takardar ba da haƙuri a kan laifin da ba mu san mai shi ba.

A wannan makon ne kuma muka buɗe wata tsohuwar adaka ta takardun zaure, muka ci karo da wasu jaridu da suka yi ja saboda daɗewa, cikinsu har da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wani matashi da ke taya mu aikin ya jujjuya ɗaya, ya ce, "Baba, wannan da abin da muke karantawa a waya ai duk labari ne, mene ne bambancinsu?" Amsar wannan tambaya ita ce dalilin rubutun nan. Bambancin yana cikin tsari. Jarida gida ce mai ɗakuna, kowane ɗaki da sunansa da aikinsa da wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna a cikinsa.

Kafin jarida

Kakanninmu ba su rasa hanyar labari ba. A gari akwai sanƙira da mai shela, waɗanda ke yawo da maganar sarki, kuma kowa ya san bakin wa suke ɗauke da shi. A hanya akwai fatake masu safarar goro tsakanin Gwanja da Kano, waɗanda ke sauke labarin garuruwa tare da kayansu a gidan fatoma. Tsakanin malamai da sarakuna kuwa akwai wasiƙa, da Larabci ko da ajami, mai ɗauke da sunan wanda ya aiko da wanda aka aika wa, wani lokaci har da hatimi. Alhaji Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, ya rubuta littafi sukutum a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Wannan ya nuna cewa tun kafin injin ɗab'i ya iso mana, magabatanmu sun ɗauki tsarin saƙo a matsayin ilimi da ake zama a koya.

Ita kalmar jarida daga Larabci muka aro ta. Asalinta a wurin Larabawa reshen dabino ne da aka zare wa ganye, irin wanda ake rubutu a kansa a zamanin da, daga baya ta zama sunan takardar lissafi, sannan ta koma sunan takardar labarai. Haka ma mujalla, da shafi, da ɗab'i, da maɗaba'a, da sharhi, da wakili, duk ta ƙofar makarantar zaure suka shigo Hausa. Edita kuwa daga Turanci ne. Kanu da bugu da majiya da talla da cigiya namu ne na gida. Wato harshen gidan jarida a Hausa igiya ce mai tufka uku.

A nan ƙasar da muke zaune, jarida ta daɗe. A 1822 gwamnan Ingila Charles MacCarthy ya kafa Royal Gold Coast Gazette a Cape Coast. A 1857 Charles Bannerman ya fara fitar da Accra Herald, wadda da hannu ake kwafe ta, kamar yadda almajirai suke kwafar littafi. A Masar an fara Al-Waƙa'i'ul Misriyya a 1828, a Abeokuta kuma Henry Townsend ya fara Iwe Irohin da Yarbanci a 1859. Hausa ta jira har 1932, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitar da Jaridar Nijeriya ta Arewa cikin harsuna uku, Hausa da Larabci da Turanci. Ba ta fita sai jefi-jefi a shekara, kuma galibin abin da ke cikinta sanarwar hukuma ce.

Haihuwar Gaskiya

A watan Janairu na 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin Hukumar Talifi da Dokta Rupert East yake shugabanta, aka naɗa Malam Abubakar Imam editanta na farko. Imam haifaffen Kagara ne a 1911, ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma ya riƙe wannan kujera kimanin shekara 12. Da farko wata-wata take fita, ana sayar da ita kwabo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 12 na sule. Sunan ma ciniki ne aka ƙulla da mai saye: ka ba da kwabo, ka karɓi abin da ya fi shi daraja.

Ya kamata mu faɗi dalilin kafa ta ba tare da kwaskwarima ba. Lokacin ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa wasu ƙasashen da take mulka ga Jamus, jaridun Legas kuma irin su West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1937, suna sukar Turawa. Gwamnati ta so ta samu bakin da za ta yi magana da mutanen Arewa da harshensu. Saboda haka Gaskiya jaridar hukuma ce, kuma mai karatu mai hankali ya san da haka. Amma Imam da abokan aikinsa sun buɗe ƙofar wasiƙu, talakawa da malaman makaranta da ma'aikatan en'e suka riƙa rubuto kokensu, har jaridar ta zama dandalin da ake muhawara a kan ilimi da mulki da halin zaman jama'a. A 1941 aka ƙara mata wasu shafuka na ajami da ake kira 'Yar Gaskiya, saboda ɗimbin masu karatun da ba su iya boko ba. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya da maɗaba'arsa, a 1948 kuma ya fara fitar da Nigerian Citizen da Turanci.

Iyayenmu suna ba mu labarin yadda take isowa zango a cikin kayan fatake da na sojojin da suka dawo daga yaƙi, wani lokaci bayan ta yi wata biyu da fita. Mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi a ƙofar gida bayan la'asar, goma suna saurare. Idan an gama sai a ninke ta a kai wata unguwa. Ta wannan hanya ne da yawa suka fara ganin haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar da su a shekarun 1930 a maimakon ɗigo ko wata alama da ake sa wa harafi a da. Jaridar ce ta yaɗa su, ita ce kuma ta horar da idon mutane a kan daidaitacciyar Hausa.

Mutanen gidan jarida

Kafin mu shiga shafuka, bari mu san masu gidan. A sama akwai mawallafi, wato mai jaridar, ko gwamnati ce ko kamfani ko wani attajiri. Shi ne mai kuɗi, kuma sanin ko wane ne shi rabin fahimtar jaridar ne. Ƙarƙashinsa akwai babban edita, wanda duk abin da aka buga yana wuyansa. Idan an ɓata wa wani suna, shi kotu take nema tare da mawallafi. Sai editan labarai, mai rarraba aiki kowace safiya. Sai wakilai, waɗanda aka baza garuruwa suna aiko da rahoto. Wakili a fiƙihu shi ne wanda aka ɗora wa amanar wani, kuma ma'anar ba ta canja ba: idon jarida ne a inda edita ba zai iya zuwa ba.

Rahoto ba ya tafiya kai tsaye daga hannun wakili zuwa inji. Sai ya bi ta teburin masu tace labari, su rage abin da ya yi tsawo, su tambayi abin da bai fito fili ba, su sa masa kai. Daga nan sai masu tsara shafi. A zamanin Imam haruffan darma ake jerawa, a juye suke kamar rubutun hatimi, sannan a buga gwaji a miƙa wa mai duba kurakurai ya bi layi-layi. Bayan an buga, sai sashen rarrabawa ya ɗaure ta dami-dami, a kai tashar jirgin ƙasa da ta mota, dillalai su karɓa, yara masu talla su shiga gari. A gefe guda kuma akwai sashen talla, masu karɓar kuɗin 'yan kasuwa. A gidan jarida mai mutunci, ba a barin mai karɓar kuɗin talla ya sa hannu a labari.

Ku ƙirga hannun da magana take bi kafin ta iso ga mai karatu: wakili, edita, mai tacewa, mai duba kurakurai. Kowannensu yana da ikon cewa a dakata.

Sassan takardar

A saman shafin farko akwai sunan jarida da manyan haruffa, tare da tambarinta da takenta idan tana da shi. Ƙarƙashinsa akwai siririn layi mai ɗauke da kwanan wata da lambar fitowa da farashi. Wannan layi ƙarami ne amma shi ne shaidar haihuwar labari. Da shi ne muka gane shekarun jaridun da muka tarar a adaka, kuma rashinsa ne yake sa a ɗauko hoton gobarar da aka yi shekara biyar da suka wuce a ce ta jiya ce.

Sai kanun labarai. Kanu jam'in kai ne, domin kowane labari da kansa kamar yadda kowane mutum yake da nasa. Wanda ya fi girma a shafin farko shi ne babban labari, kuma girman haruffansa hukunci ne da edita ya yanke cewa wannan ya fi sauran muhimmanci a ranar. Ƙarƙashin kai ana sa sunan wakili da garin da ya aiko daga ciki. Sakin layi na farko shi ne mabuɗin labari, kuma ƙa'idarsa ya amsa tambayoyin nan: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, ta yaya, don me. Abin da ya biyo baya shi ne gundarin labari, ana jera shi daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, domin idan wuri ya ƙare sai a datse daga ƙasa ba tare da an yi asarar jigon ba. Idan labari ya fi ƙarfin gurbinsa sai a rubuta cewa ci gabansa yana shafi kaza. Hoto kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a sa masa bayani a ƙasa da sunan wanda ya ɗauka.

A cikin labari akwai majiya, wato inda aka ji maganar. Wani lokaci ana ambaton sunanta, wani lokaci a sakaya a ce majiya mai tushe. Ko an sakaya, edita ya san ta, kuma ya ɗauki alhakinta.

A shafukan ciki ake samun ra'ayin jarida, wanda wasu ke kira sharhin edita. Ba a sa masa sunan mutum domin muryar gidan ce baki ɗaya. Kusa da shi akwai wasiƙun masu karatu. Mai wasiƙa yana iya neman a ɓoye sunansa a sa masa laƙabi, amma ba a bugawa sai edita ya riƙe sunansa na gaskiya da adireshinsa. Akwai kuma filaye, inda wani marubuci yake da gurbinsa na dindindin: filin manoma, filin mata, filin waƙoƙi, filin tambaya da amsa, da zanen barkwanci. Wasanni galibi a shafin baya suke. Sai ɓangaren da ake biya: talla, sanarwa, cigiya, canjin suna, ta'aziyya da godiya. Ana kewaye su da layi ko a rubuta musu alama, don kada mai karatu ya ɗauki yabon da ɗan kasuwa ya yi wa hajarsa a matsayin binciken jarida. Akwai ɗan gurbi na gyara, inda jarida take amsa kuskurenta ta nemi afuwa, da raddi, inda wanda aka taɓa yake mai da martani. A can ƙarshe, da ƙananan haruffa, ana rubuta sunan maɗaba'a da mawallafi da adireshinsu.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mun tashi muna bambanta matani da sharhi da hashiya. Risala ta Ibnu Abi Zaid matani ce, Kifayatuɗ Ɗalib sharhinta ne, Adawi kuma ya yi wa sharhin hashiya, kuma a bugun Masar kowanne da wurinsa a shafi, ba a cakuɗa maganar mai littafi da ta mai bayani. A littattafan hannu ana rubuta babi da fasali da jar tawada, su ne kanun wancan zamani. A ƙasan kowace warƙa ana rubuta kalmar da za ta fara ta gaba don kada takardu su rikice a cikin gafaka. A ƙarshe mai kwafa yakan sa sunansa, sau da yawa har da ranar da ya gama. Masana hadisi kuwa ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Labari shi ne matanin jarida, ra'ayi shi ne sharhinta, majiya ita ce isnadinta.

Bayan Gaskiya

A shekarun 1950 hukumar NORLA, mai kula da talifi da yaƙi da jahilci a Jihar Arewa, ta fitar da ƙananan jaridu na larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, da wasunsu. Ranar 1 ga Janairu 1966 aka fara New Nigerian a Kaduna, Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfaninta, ta ci gaba da fita har ta haura shekara 60. A farkon shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya fito da Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. A 2006 aka fara Aminiya. Mu a nan ba mu taɓa samun jaridar Hausa mai ƙarfi irin waɗannan ba. Abin da muka dogara da shi shi ne shirin Hausa na gidan rediyon ƙasa da tashoshin waje, sai jaridun Turanci irin su Ashanti Pioneer ta Kumasi, wadda ita ma a 1939 aka kafa ta, da Daily Graphic da ta fara a 1950.

Wannan rashi ya taɓa yi mana ciwo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta fitar da dokar da ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Da Turanci aka buga ta, mafi yawan mutanen zango kuwa ta bakin wani suka ji ta. Dattawanmu suna tuna yadda ainihin sanarwar hukuma, da ra'ayin masu sharhi, da ƙarin gishirin 'yan kasuwa, suka haɗu suka zama magana ɗaya a kunnen jama'a. Wasu sun sayar da gida da shago a farashin banza suka bi ayari, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su aka haifi iyayensu. Doka ce mai zafi ko da an fahimce ta daidai, amma ruɗani ya ƙara mata kaifi. Al'ummar da take 'yar tsiraru a ƙasa, kuma labarin da ya shafi rayuwarta yake zuwa mata da harshen wasu, ta fi kowa bukatar sanin wace magana ce doka, wacce ce ra'ayi, wacce ce wai-wai.

Abin da ya rage a hannunmu

Yau takarda ta ja baya, waya ta shigo, kuma ba mu ƙi ta ba, ga shi ta cikinta muke wannan magana. Sai dai saƙon waya yakan zo tsirara: babu kwanan wata, babu sunan wakili, babu majiya, babu layin da ya raba talla da labari, babu gurbin gyara. Ɗakunan gidan an rushe bangayensu, kowa ya zama wakili da edita da dillali a lokaci guda, kuma babu wanda zai ce a dakata. Magana zarar bunu ce, yanzu kuwa da yatsa ɗaya ake zare ta.

Dokar ƙasar nan ba ta bar mu haka ba. Tsarin mulki na 1992 ya kafa hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, ya kuma wajabta wa duk kafar da ta buga magana a kan mutum ta buga raddinsa idan ya kawo. A 2001 majalisa ta soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida a kan ɓata suna, amma hanyar ƙarar neman diyya tana nan. Idan wata jarida ko gidan rediyo ya yi wa zango ƙazafi, muna da haƙƙin rubuta raddi, kuma ya fi mana amfani a kan zage-zage a majalisar shayi.

A namu ɓangaren, zauren dattawa ya tsayar da ƙa'ida, kuma muna roƙon sauran zanguna su duba ta. Duk sanarwar da za ta fita daga gare mu, ta rasuwa ce ko ta ɗaurin aure ko ta taro, za ta ɗauki kai, da kwanan wata, da sunan wanda ya ba da izini, da wanda ya rubuta. Sanarwar rasuwa ba za ta fita ba sai mun ji daga bakin iyalin mamaci. Idan muka yi kuskure za mu gyara a wurin da muka yi shi, da sunanmu. Masu riƙe da zaurukan WhatsApp na unguwanni su sani cewa kujerar edita suke kai, ko sun so ko ba su so ba. Ku kuma matasa, kafin ku tura saƙo gaba, ku neme shi da abin da ake neman shafin jarida da shi: wa ya faɗa, yaushe, a ina, labari ne ko ra'ayi ko talla.

Tsofaffin jaridun nan mun sa su a leda mun mayar da su adaka. Duk wanda yake da irinsu a gida, ko na boko ko na ajami, muna roƙonsa kada ya bari a ƙunshe ƙosai da su. Ya kawo zaure mu ɗauki hotonsu shafi-shafi mu mayar masa da kayansa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattijon nan namu lafiya da nisan kwana.